Berta, matar da ta tsaya wa kogin mutanenta

Yau ba maganar adashi ko riba zan yi ba. Labarin wata mata zan ba ku, Berta Caceres, 'yar ƙasar Honduras, can Amurka ta Tsakiya.

Berta 'yar ƙabilar Lenca ce, asalin masu ƙasar tun kafin zuwan Turawan Sifaniya. Uwarta ungozoma ce. A 1993 ita da wasu suka kafa ƙungiya mai suna COPINH don kare gonaki da dazuzzukan mutanensu. Ana nan sai gwamnati ta ba wani kamfani, DESA, izinin gina madatsar ruwa a kogin Gualcarque. Kogin nan da shi suke rayuwa, a wurinsu ma abu ne mai tsarki. Ba wanda ya nemi yardarsu. Motocin aiki kawai suka gani.

A 2013 mutanen Rio Blanco, maza da mata, suka tare hanyar shiga wurin aikin, suka yi fiye da shekara a kai. A watan Yuli soja ya harbe ɗaya daga cikin shugabanninsu, Tomas Garcia.

To, ga inda nake so mu kasa kunne. Ita Berta kotu aka fara kai ta. Aka ce an samu bindiga a motarta, ta ce ɗora mata aka yi. Aka sake shigar da wata ƙara, wai ta mamaye fili, ta yi wa kamfani ɓarna. Ku ji fa, ƙasar kakanninta! Ƙararrakin duk sun rushe daga baya, amma mu 'yan kasuwa mun san abin da sammaci yake yi wa mutum. Kuɗi ya tafi wurin lauya, ranakun aiki su ƙare a bencin kotu, maƙwabta su fara cewa ai ruwa ba ya tsami banza. Kafin a taɓa jikinka an gama da sunanka. Mu ma a Nijeriya ta hanyar shari'a aka bi aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum 8 'yan Ogoni a 1995.

A 2015 aka ba Berta babbar kyautar Goldman ta kare muhalli. Ba ta hana komai ba. Daren 2 ga Maris 2016 'yan bindiga suka shiga gidanta a garin La Esperanza suka kashe ta. Uwa ce mai 'ya'ya 4.

Ƙungiyarta ba ta watse ba, ita da iyalinta suka yi ta bin shari'ar. A 2018 kotu ta kama mutum 7 da laifin kisan. A 2021 ta kama shugaban kamfanin kansa, David Castillo, a 2022 aka yanke masa shekara 22 da wata 6. Bankunan Holan da Finland sun janye kuɗinsu daga aikin tun 2017, aikin kuma ya tsaya. A 2017 ne kuma 'yarta, Bertha Zuniga, ta karɓi ragamar ƙungiyar.