Tsiren Dare da Takardar da Ake Naɗe Shi



Da an sallame Magariba a Bakura, hayaƙin tukuba yake fara kiran mutane. Mai tsire ya shafe nama da ƙuli da yaji, ya jera tsinke kewaye da garwashi, mai balangu kuma yana juya nasa a kan waya. Galibin masu saye ba a nan suke ci ba, gida suke kai wa iyali. Yanzu kuma da satar shanu ta rage dabbobin da ake kai wa kasuwar Talata Mafara, tsinke ɗaya ma sai an yi shawara da aljihu.

To amma a cikin me ake ƙunshe wannan nama mai tsada? Tsohuwar jarida, ko takardar buhun siminti, sannan a cusa a baƙar leda da zafinsa. Maiƙo yana jiƙa tawada, tawadar ta koma jikin nama, yara su cinye har da lasar takarda.

Ranka ya daɗe Sarkin Fawa, a ja hankalin mahauta su nemi farar takarda mai tsabta. Kai kuma Malam, in za ka sayo, tafi da kwanonka mai murfi.