Susana Wesley, Uwa Cikin Bangaskiya

Jawabin da aka yi a taron mata ran bikin jubili. Karatu: 2 Timoti 1:3-7.



Tun jiya mu ke lissafin alherin Allah. Mun ƙidaya majami'u da makarantu, mun ambaci mazan da su ka fara kawo mana bishara. Daidai ne. Amma cikin wurin da aka karanta mana, sa'ad da Bulus ya tuna da bangaskiyar Timoti, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya fara ambata. Domin wannan mu na so mu ba ku labarin wata mace ta ƙasar Ingila, wadda ba a taɓa naɗa ta komi cikin Ekklesiya ba, amma Allah ya yi babban aiki ta hannunta.

An haifi Susana a Landan cikin 1669. Ubanta fasto ne, ita ce kuwa autarsa cikin 'ya'ya 25. Ya koya mata karatu tun ta na ƙarama. Cikin 1688, ta na da shekara 19, ta auri Samuila Wesley, shi ma fasto. Yawancin zamansu sun yi shi a wani ƙaramin gari mai suna Epworth.

Kada ku yi tsammani gidan fasto gidan hutu ne. Susana ta haifi 'ya'ya 19, tara su ka rasu tun su na jarirai. Akwai mata a nan da su ka san wannan zafi, ba sai mun faɗa masu ba. Mijinta mai ilmi ne, amma bai iya riƙon kuɗi ba, ga shi da zafin rai. Wata rana su ka yi saɓani domin ba ta amsa Amin ba ga addu'ar da ya yi wa sarkin Ingila na lokacin, sai ya bar mata gida wata da watanni. Cikin 1705 aka sa shi a kurkuku saboda bashin da bai wuce fam 30 ba, maƙiya kuma su ka sassari shanun da ta ke samun madarar yara daga gare su. Ba ta da abin da za ta aika masa, sai ta cire zobbanta ta aika. Shi kuwa ya komo mata da su.

Cikin 1709, da tsakar dare, wuta ta kama gidansu. Susana ta na da tsohon ciki, ta ratsa ta cikin wuta ta fita da ƙuna a jikinta. Da aka ƙidaya yara sai aka ga babu John, yaro mai shekara biyar. Ya na bisa bene a bakin taga. Babu damar neman tsani, sai wani maƙwabci ya hau kafaɗar wani, ya jawo yaron, nan da nan rufin ya rufta. Kayansu duka su ka ƙone. Daga baya Susana ta yi alkawari gaban Allah za ta ƙara lura da ran wannan yaro.

To, cikin wannan wahala duka, me ta ke yi? Ta mai da gidanta makaranta. Ko wane yaro, in ya cika shekara biyar, sai ta zaunar da shi ta koya masa baƙaƙe, daga nan ya shiga karatun Littafin Farawa. Sa'a shida su ke yi ko wace rana. Ta kafa doka cewa ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Ta kuma kafa wata, cewa yaron da ya yi laifi ya faɗa da bakinsa ba za a duke shi ba, domin kada tsoro ya koya masa ƙarya. Ban da wannan, ko wane ɗa ya na da darensa cikin mako da za ta zauna da shi kaɗai, su yi zance a kan ransa. Daren John shi ne Alhamis, bai manta da shi ba har ya girma.

Hidimarta ba ta tsaya ga 'ya'yanta ba. Da damunar sanyi ta 1711 zuwa 1712 mijinta ya na Landan wurin taro. Susana ta fara tara yara da barori ran Lahadi da yamma a ɗakin girki, su yi waƙa da addu'a, ta karanta masu wa'azi daga littafi. Maƙwabta su ka ji, su ka roƙa a bar su su zo, har mutane su ka kai wajen 200. Mataimakin fasto ya ji haushi, ya kai ƙara wurin mijinta. Ta rubuta wa mijin da ladabi, ta ce in ya na so a daina, kada ya ba ta shawara kawai, ya ba ta umurni sarai, domin alhakin rayukan nan ya koma wuyansa ran shari'a. Samuila bai ba da umurnin ba.

Ba dukan addu'o'inta ta ga amsarsu ba, gama waɗansu daga cikin 'ya'yanta mata sun sha wuyar aure ƙwarai. Mijinta ya rasu cikin 1735, ta zama gwauruwa marar gida, ta na zama wurin 'ya'yanta. Cikin shekaran nan John da ƙanensa Charles su ka nemi izninta su haye teku zuwa Amurka domin aikin bishara. Ba ta riƙe su ba, ta sallame su da murna. Daga baya, da John ya so ya hana wani saurayi yin wa'azi domin ba fasto ba ne, ita ce ta ce masa ya saurare shi tukuna, gama Allah ne ya kira shi. John ya saurara, ya yarda. Mu masu bishara da ba a naɗa ba, ashe tsohuwan nan ta yi magana dominmu.

Ta rasu ran 23 ga Yuli 1742, ta na da shekara 73, bayan ta roƙi 'ya'yanta su raira zabura ta yabo da zarar ta cika. John ya yi shekara fiye da 50 ya na yawon wa'azi bisa doki. Charles ya rubuta waƙoƙi fiye da 6,000. Shekara 100 bayan rasuwarta, cikin 1842, Thomas Birch Freeman, mai bishara na Ekklesiyar Methodist da ta fito daga aikin 'ya'yanta, ya sauka Badagry. Ita ba ta ga wannan ba. Ta shuka ne kawai.

Yanzu sai tambaya. Ku maza da ke zaune a baya, mu nawa ne mu ka aika 'ya'yanmu maza makaranta mu ka bar mata a bakin turmi? Mu nawa ne mu ka hana matanmu zuwa ajin karatu domin tuwo zai makara? Mu ma da mu ke magana, ba mu kuɓuta daga wannan laifi ba. Uwar da ba ta iya karanta Littafi Mai Tsarki ba, yaya za ta karanta wa ɗanta?

Ku kuma iyayenmu mata, kada wata ta ce, ni ba kowa ba ce, aikina daka da ɗiban ruwa. Icce tun ya na ɗanye a kan tanƙwara shi, a hannunku kuwa ya ke ɗanye. Ki zaɓi dare ɗaya cikin mako domin ko wane ɗa. Ki buɗe ƙofarki ga maƙwabciya. Waɗanda za su tsaya a nan ran jubili mai zuwa, yau su na goye a bayanku.

Ubangiji ya ba mu aminci har matuƙa. Bari mu yi addu'a.