Jawabi a Kan Haƙƙin Dabba da Masu Cewa Su ne Wakilanta

 Ya ku malamai da dattawa da sauran 'yan'uwa da suka hallara, abin da aka nema in yi magana a kansa yau shi ne haƙƙin dabba, da jam'iyyun nan na Turai da Amurka masu cewa su ne suke tsaya mata. Waɗansunku sun tambaye ni, shin mu ba su hannu ko mu yi nesa da su.

Ku sani, haƙƙin dabba ba baƙo ne gare mu ba. Malaman Malikiyya sun hukunta cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita kadan babu wurin kiwo, in ya ƙi a tilasta shi ya sayar, kuma ba a aza mata abin da ba ta iyawa. Majalisar Ingila ba ta yi dokar hana zaluntar shanu da dawaki ba sai 1822, jam'iyyarsu ta wannan aiki kuwa a London aka kafa ta cikin 1824. Ban faɗi haka don alfahari ba. Wanda ya ga jakin mai yashi da miki a gadon bayansa, ƙuda na bi, an mai da akumari bisa mikin an aza mangala, ya san hukuncin yana cikin littafi, littafin kuwa yana cikin gafaka.

To, ga mas'alar. Dabba bebiya ce. Maraya yakan girma ya tambayi mai riƙonsa ina dukiyata, amma jaki ba ya girma ya tambaya. Wanda ya tashi ya ce shi ne wakilin jaki ko kare, ya tara kuɗin mutane da sunansu, babu ranar da za su tuɓe shi. Saboda haka binciken wannan wakili ya dawo wuyanmu, kuma ba mu da abin dubawa sai aikinsa.

Akwai wata Baturiya, Dorothy Brooke, matar wani babban hafsan sojan Ingila. Ta sauka Alkahira cikin 1930, ta tarar da tsofaffin dawakin soja waɗanda aka sayar a Masar bayan babban yaƙi na farko, suna jan amalanke, ƙashi da fata. Ta rubuta wa wata jarida ta London cikin 1931, mutane suka aiko da kuɗi, ta saye dawaki wajen 5,000. Mafi yawansu sun riga sun ƙare, sai aka hutar da su da kisa mai sauƙi. Abin da na ke so ku lura, fansarsu ta yi da kuɗi daga hannun masu su, ba ƙwace ba. Kana ta gane cewa mai amalanken nan talauci ne ya kai shi, in dokin ya kwanta iyalinsa sun kwana da yunwa. Cikin 1934 ta buɗe asibitin dabbobin aiki a Alkahira, magani kyauta. Jam'iyyar da ke ɗauke da sunanta tana aiki har yau.

Yanzu ku ji kishiyar wannan. A tekun ƙanƙara na ƙasar Kanada akwai wata dabba mai kama da ayu, Turawa na ce da ita sil. A da, masu farautar kasuwa sukan kashe 'ya'yanta da kulki tun suna da farin gashi, don fatarsu. Jam'iyyu suka tashi, cikinsu har da Greenpeace, suka watsa hotunan jini bisa ƙanƙara, zukata suka motsa. Cikin 1983 ƙasashen Turai suka hana shigo da fatar waɗannan 'ya'ya. Amma can arewa akwai wata al'umma, Inuwit, ƙasarsu ba a shuka komai cikinta. Su manyan sil suke farauta, su ci naman, su sayar da fatar su sayi harsashi da mai. Ba su ne masu kashe fararen 'ya'yan ba, dokar ma ta keɓe su. Sai dai mai saye a Turai ba ya rarrabewa. Kasuwar fata ta faɗi gaba ɗaya, garuruwa suka shiga fatara, mafarauci ya rasa abin da zai fita da shi neman abincin gidansa. Sai 2014 reshen Greenpeace na Kanada ya fito ya roƙi Inuwit gafara, shekara 31 bayan dokar. Ni ban ce niyyarsu mugunta ce ba. Hoton nan ya kawo musu kuɗi da suna, su kuwa ba su tsaya sun tambayi wanda ke zaune tare da dabbar ba.

Wani lokaci dabbar kanta ce wakilin ke cuta. Jam'iyyar PETA ta Amurka, wadda aka kafa 1980, tana da gidan ajiye karnuka da kyanwoyi a jihar Bajiniya, lissafin da take miƙa wa hukuma ya nuna a shekaru da yawa mafi yawan waɗanda ta karɓa kashe su ta yi. Hujjarta ita ce marasa lafiya da waɗanda kowa ya ƙi ake kawo mata. Amma cikin 2014 ma'aikatanta suka ɗauke ɗan karen wasu mutane daga ƙofar gida, suka kashe shi ran nan, alhali doka ta ce a jira kwana 5. Cikin 2017 ta biya dala 49,000 ta ba da haƙuri.

Dada mu dawo gida, zama abin ya iso mu ta kan jaki. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fid da wani abu mai danƙo, ejiyawo, suna shansa a matsayin magani. Jakunansu sun kai wajen miliyan 11 cikin 1992, suka koma ƙasa da miliyan 2, sai fatake suka juyo Afirka. Jaka tana wata 12 da ciki, ta haifi ɗa guda. Dabbar da haihuwarta ke nan ba ta jure wuƙar kasuwa. Wanda ya san kasuwar Maigatari ya ga yadda ake lodinsu, auraki da duna, cikin manyan motoci zuwa kudu. Kuɗin jaki ya hau har talakan da nasa ya mutu ko aka sace ba ya iya mai da wani, ɗiban ruwa da itace suka koma kan matarsa da 'ya'yansa. Nijar da Burkina Faso sun hana fitar da jakuna cikin 2016. Wata jam'iyya ta Ingila, Donkey Sanctuary, ta yi lissafi cikin 2024 cewa aƙalla jaki miliyan 5.9 ake yankawa kowace shekara don fata. Ita da jam'iyyar Brooke suka dage tare da likitocin dabbobi na Afirka, har shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa, watan Fabrairu 2024, a hana yanka jaki don fatarsa.

A nan ra'ayina mu ba su hannu, domin a wannan mas'ala maslahar jaki da ta mai jaki ɗaya ce, kuma abin da suka faɗa idonmu ya gani. Amma hannu a kan jaki ne, ba a kan dukan abin da kowace jam'iyya ke da'awa ba. Akwai masu cewa cin nama da shan nono zalunci ne, wannan magana kuwa ba ta da mazauni a rugar Bafulatani ko rumfar mahauci. Kadan wakilinsu ya zo garinku, ku karɓe shi da mutunci, ku ce ya nuna lissafin abin da aka tara da inda ya shiga, ku zaunar da shi da masu jakuna da dillalai kafin ya je gaban hakimi, ya faɗi abin da mai tsohon jaki zai yi da shi in an rufe kasuwar fata.

Hani na shugabanni a takarda yake, ɓarawon jaki kuwa da dare yake fiɗa a daji. Muna roƙon kowane reshe na jam'iyyarmu ya fid da mutum biyu su gana da sarkin kasuwa a kan shaidar mai sayarwa, kada a karɓi jaki sai an san mai shi. Masu jakuna da ke cikinmu kuma, yau da magariba kowa ya ɗaga akumari ya duba bayan dabbarsa, in akwai miki a wanke da ruwan gishiri, a hutar da ita har ya warke.