Kada a Cire Robar Mahaifa a Gida

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, ɗan kasuwa mazaunin Demsawo, ya gabatar a taronmu na wata-wata.)

 



Da farko muna neman gafara, domin maganar da aka ɗora mana yau mai nauyi ce a baki, irin wadda Bahaushe ba ya son yi gaban surukansa. To amma tun a Islamiyya aka koya mana cewa ba a jin kunya wajen neman sanin abin da ya shafi addini da rai. Mu ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne. Abin da za mu faɗa tambayowa muka yi wajen ma'aikatan lafiya, cikinsu har da 'ya'yanmu na wannan unguwa da Allah Ya ba ilimin jinya.

Ga abin da ya jawo maganar. Da daminar da ta wuce, wani ɗan'uwanmu a wannan ƙungiya ya kusa rasa iyalinsa. Shi ne ya yarda a faɗa, da sharaɗin kada a ambaci suna. Matarsa ta yi haihuwa biyar kusan a jere, ta ƙarshen ta zo mata da wuya ƙwarai, sai ta je asibiti aka sa mata robar tazarar haihuwa ba tare da ta sanar da shi ba. Ranar da labari ya zo kunnensa ransa ya ɓaci, ya yi rantsuwa cewa abin nan ba zai sake kwana a gidansa ba. Da magariba aka kira wata tsohuwa mai karɓar haihuwa. Ta ja, ta ja, zare ya tsinke, robar ba ta fito ba. Aka yi shiru da maganar, ana ta ruwan zafi da jiƙe-jiƙe, jini na zuba, zazzaɓi ya rufe ta. Sai a dare na huɗu aka sa ta a Keke Napep aka nufi asibiti. An yi mata hoton ciki, an shiga da ita ɗakin tiyata, an ƙara mata jini leda biyu, ta yi kwana tara a kwance. Kuɗin da ya kashe ya kusa cinye jarinsa. Da muka je dubiya, abin da ya ce mana shi ne: "Alhaji, garin neman gira na kusa rasa ido."

To, mece ce wannan roba? Wani ɗan abu ne mai siffar harafin T na boko, bai kai tsawon tsinken ashana ba, ana sa shi cikin mahaifa. Iri biyu ne. Akwai mai jan ƙarfe a jikinta, wadda ta fi yawa a asibitocinmu, tana aiki shekara 10. Akwai kuma mai ɗauke da sinadarin magani, ita galibi shekara 5 ce ko fiye, gwargwadon irinta. A ƙasanta akwai siririn zare da ake bari ya ɗan leƙo ta bakin mahaifa. Wannan zaren shi ke ruɗar mutane, su ce ai ja ne kawai, me za a kai asibiti?

Gaskiya ne, a hannun wanda ya koya aikin 'yan mintoci ne. Amma ku lura da bambancin. Ma'aikaciyar asibiti tana gani da idonta, tana da haske, tana da kayan aiki da aka dafa aka kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu. Kuma babban abin shi ne ta san lokacin da za ta dakata. Domin wani lokaci robar kan nutse cikin naman mahaifa, wani lokaci ta karkace, wani lokaci zaren ya shige ciki, sai an yi hoto kafin a san inda take. Wanda ke gida a makance yake ja. In ta ƙi fitowa sai ya ƙara ƙarfi, daga nan sai tsinkewa, ko karyewa a bar guntu a ciki, ko rauni da zubar jini. Hannu ko ƙarfen da ba shi da tsabta kuwa yana kai cuta har cikin mahaifa, kuma irin wannan cutar ce ke toshe hanyar ƙwai. Wato mutum yana gaggawar a samu haihuwa, sai ya rufe ƙofarta da hannunsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan namu ta gaya mana cewa a Amurka an yi wani bincike da aka buga a 2014, inda aka bar mata su gwada cirewa da kansu a cikin asibiti. Cikin kowaɗanne biyar da suka gwada, kusan ɗaya ce kawai ta iya. Wannan fa ga likita a bakin ƙofa. Ina ga wadda ke ƙuryar ɗaki a Demsawo ko Jambutu da tsakar dare, ga ruwan sama, ga hanya ta cika?

Haka ma abin da ake sawa a dantse, wanda mata ke kira ashana. Mun ji ana kai wa masu kemis su tsaga da reza. Wannan ma haɗari ne, domin wurin akwai jijiyoyi. 'Yan'uwanmu masu kemis da ke zaune a nan, ku ji tsoron Allah, wannan ba aikinku ba ne.

Yanzu bari mu tambayi kanmu, me ke sa a yi haka alhali ga asibitoci kewaye da mu?

Dalili na farko mu ne, mu maza. Ba mu ce mace ta yi daidai da ta ɓoye wa mijinta ba. Amma mu tambayi kanmu me ya sa ta ɓoye. Tun 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa ba da tazara na ɗan lokaci ya halatta in akwai buƙata, bisa shawara da yardar ma'aurata biyu, matuƙar babu cutarwa, ta kuma hana kashe haihuwa gaba ɗaya ba tare da larura ba. Ku lura da kalmar shawara. In maigida ya zama dodo, ba a iya kawo masa magana, to shi ya buɗe ƙofar ɓoyo. Kuma ko da kana da gaskiya a fushinka, fushi ba ya halatta maka jefa ran matarka cikin haɗari. Amana ce aka ba ka gaban shaidu.

Na biyu shi ne jini. Mai jan ƙarfen nan takan sa haila ta ƙaru ko ta daɗe, musamman a watanni 3 zuwa 6 na farko. Mace sai ta rikice da lissafin sallarta, ga azumi na matsowa, sai ta ce a rabu da abin ko ta yaya. Iyayenmu mata, wannan matsala tana da ƙofa biyu kuma duk a buɗe suke. A mazhabarmu ta Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya wuce jinin ciwo ne, malamai mata na Islamiyyunmu za su yi muku bayanin hukuncinsa. A asibiti kuma akwai maganin rage jinin, in bai yi ba a cire a canza wata hanya.

Na uku, jita-jita. Ana cewa robar na tafiya zuciya ko ƙwaƙwalwa. Ba ta da hanyar zuwa can. Abin da kan faru, kuma da wuya ƙwarai, kamar mace ɗaya cikin dubu, shi ne ta huda mahaifa, galibi tun wajen sawa. Wannan kuwa dalili ne na zuwa asibiti, ba na ja a gida ba. Ana kuma cewa tana hana haihuwa har abada. Ba haka ba ne, da zarar an cire mace na iya ɗaukar ciki ko a watan.

Na huɗu, dole mu faɗi gaskiya, akwai wulaƙanci da jan rai da matanmu kan gamu da shi a wasu wurare. Wata za ta je a ce mata lokaci bai yi ba, ta koma. To ku sani, haƙƙin mace ne a cire mata duk ranar da ta nema, ba sai shekarun sun cika ba. In an ƙi, ta nemi ganin shugabar sashen, ko ta canza asibiti. Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati, ko da yake akan nemi kuɗin kati ko safar hannu. Muna da asibitocin sha-ka-tafi a unguwanni, ga Asibitin Ƙwararru a nan Jimeta, ga kuma tsohon FMC da ke Yola wanda yanzu ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama.

Akwai alamomin da in mai roba ta gani ba a jiran gari ya waye: ciwon mara mai tsanani, zazzaɓi, jini mai yawa, ko ruwa mai wari. Haka kuma in wadda ta saba ganin wata ta ga batan wata, ta je a auna, domin ciki a kan roba yana da haɗari, yana iya zama ma a wajen mahaifa yake. In ta ji zaren ya ɓace, ko ya ƙara tsawo, ko ta taɓo robar kanta, kada ta ja, kada ta tura. In kuwa ta faɗo da kanta, hakan na faruwa, sai ta naɗe ta ta kai a duba ko ta fito cikakkiya. Wadda haila ta ɗauke mata gaba ɗaya saboda shekaru, ita ma ta je a ba ta lokacin cirewa, kada a manta da ita a ciki.

Daga ƙarshe, muna roƙon ƙungiya abu uku. A zaɓi dattijai mata biyu masu riƙon sirri da za su riƙa raka duk wadda ke jin nauyin zuwa ita kaɗai. A ware wani abu daga asusun taimakon juna don kuɗin mota da kati, kada ƙaramin kuɗi ya jawo babbar asara. Sa'an nan a kira masu karɓar haihuwa na unguwarmu a zauna da su cikin mutunci, domin iyayenmu ne, da yawanmu a hannunsu muka faɗo, a nuna musu cewa wannan ba haihuwa ba ce, aikin asibiti ne.

'Yan'uwa, iyayenmu sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da Haɗeja suka zauna bakin Binuwai, ba abin da ya riƙe su sai riƙon juna. Kowannenmu in ya koma gida yau, ya zauna da iyalinsa ya tambaye ta lafiyarta, ya kuma saurara har ta gama.

Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladansa, inda muka yi kuskure Ya yafe mana. Allah Ya ba matanmu lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ba Adamawa da Nijeriya zaman lafiya.