Jama'a Na Ƙaruwa, Rijiyar Mai Na Ƙafewa

Iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata na New Bell da sauran unguwannin Hausawan Duwala, da danginmu na Garwa da Marwa.

Ƙidayar 1976 ta samu mutane kusan 458,000 a Duwala. A ƙidayar 2005 sun kai miliyan 1.9, yau kuma sun haura miliyan 3. Haihuwa arziki ce daga Allah. Amma kowane jariri zai girma ya nemi fitilar karatu, da wutar girki, da man babur. Shugaba nagari tun yau yake yi masa tanadi.

Man fetur ba ruwan sama ba ne da ke dawowa kowace shekara. Tun wajen 1985 man da Kamaru ke haƙowa ya kai ƙololuwa, yau ko rabin wancan ba ya kaiwa. Matatar Sonara ta Limbe ta ƙone a watan Mayun 2019, muka koma sayo tataccen mai daga waje. Lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, sannan 840 a 2024. Da Najeriya ta cire tallafi a 2023, zuwa-zuwan da mutanen kan iyaka suka dogara da shi ma ya yi tsada. Ku tambayi ɗan bensikin abin da ke rage masa da yamma.

Ruwa ma yana da iyaka. Madatsun Edeya, Song Lulu da Nachtigal duk kogin Sanaga suke sha. Arewa kuma ta daɗe tana dogara da Lagdo, mai megawat 72, tun 1982. Ruwa ya ja baya da rani, sai a ɗauke wuta, tela ya zauna, kifi da nama su lalace, uwargida ta koma gawayi, daji ya ƙare.

Abin da muke nema guda uku ne: wutar hasken rana a Arewa inda rana ta wadata, iskar gas ta ƙasarmu ta shiga tukunyar talaka da araha, a kuma sabunta wayoyi da taransifoma a tsofaffin unguwanni irin namu.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, ku tambaye shi: da wace wuta jikokinmu za su yi karatu nan da shekara 25? Ku karɓi katin zaɓenku a Elecam, ku fito ranar zaɓe. Da sanyin safiya ake kama fara.

Allah ya ba mu zaman lafiya.