Dashen Haƙori ko Gada: Wanne Ya Dace da Giɓin Haƙori Ɗaya?



Idan mutum ya rasa haƙori ɗaya, ko ta ruɓewa ko ta faɗuwa a kan babur, kuma yana son a cike giɓin da abin da ba a cirewa, hanya biyu ce a gabanmu: gada ko dashe. Ra'ayina a wannan takarda shi ne, haƙoran da ke gefen giɓin da ƙashin da ke ƙarƙashinsa su ya kamata su yanke hukunci.

Gada ita ce tsohuwar hanya. Akan fiƙe haƙorin dama da na hagu, a ɗauki awo, a ƙera huluna biyu da sabon haƙori a tsakiyarsu, a manna. Cikin mako biyu ko uku an gama, ba tiyata. Sai dai abin da aka fiƙe ba ya tsirowa. Duk wanda ya taɓa cire hular haƙorin Makka ya ga abin da ke ƙarƙashi: ɗan guntun haƙori, ba ƙwarin waje, ruwan sanyi ma sai ya sa mai shi zabura. Wani lokacin jijiyar kan mutu, ko ruɓewa ta shiga ta bakin hular, inda asuwaki ba ya kaiwa. Lafiyayyun haƙora biyu ke nan sun biya bashin da ba su ci ba.

Dashe kuwa ya samo asali ne daga binciken Per-Ingvar Brånemark, ɗan ƙasar Suwidin, wanda a 1952 ya lura ƙarfen titaniyom da ya saka a ƙashin zomo ya haɗe da ƙashin, ya ƙi fita. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag. Akan huda ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura kusar titaniyom, a jira wata uku zuwa shida ta kama, sannan a ɗora mata hula. Haƙoran gefe ba a taɓa su.

Amma ba kowane baki ke karɓarsa ba. Mai shan sigari, da mai ciwon sugan da bai daidaita ba, da mai ciwon dasashi, dashensu ya fi saurin lalacewa. Yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba sai ya jira. Ga tsada, ga buƙatar hoton ƙashi don kauce wa jijiyar muƙamuƙin ƙasa.

Wajen daɗewa fa? Nazarin da Pjetursson da abokansa suka wallafa a 2007 ya nuna bayan shekara 10 kusan kashi 89 cikin 100 na gada, haka ma na dashe, na nan daram. Masu cewa dashe na har abada ne sai su sassauta.

Don haka idan haƙoran gefe lafiyayyu ne kuma ƙashi ya wadata, dashe ya fi. Idan sun riga sun ruɓe, ko an sha cike su har suna neman hula da ma, gada ta fi ma'ana, ta kuma fi sauƙi ga aljihu.

Abu ɗaya ya rage. Bayan cire haƙori ƙashin wurin yakan motse, har ya iya rasa kusan rabin faɗinsa a shekarar farko. Mai jinkiri yakan dawo ya tarar sai an yi masa ƙarin ƙashi kafin dashe. Ina roƙon abokan aiki mu riƙa yi wa majiyyaci wannan bayani tun ranar da za mu cire haƙorin, kafin ya tashi daga kujera.