HAƘƘIN HANYA DA ALHAKIN JINI

  

Ya 'yan uwa, idan aka yi haɗari a kan titi, kalmar da ta fi saurin fita daga bakinmu ita ce "ƙaddara". Lallai mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. To amma ƙaddara ba ta taɓa ɗauke alhaki daga wuyan mai ganganci ba. Don haka tambayarmu ta yau ita ce: wa ke da hanya, kuma wa ke da laifi?

Tun daga ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma a 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Ƙa'idojin a bayyane suke. Mai fitowa daga ƙaramar hanya shi zai tsaya wa na babban titi. A shataletale, wanda ya riga ya shiga, wato mai zuwa ta hagunka, shi ke da hanya. Jar danja tsayawa take nufi, ko da babu ɗan sanda a wurin. Ba a wuce mota a kan kwana ko a kan tudu, inda ido ba ya hango gaba. Gudun ƙaramar mota a cikin gari kada ya haura kilomita 50 a awa. Wanda kuwa ya daki mota ta baya, galibi laifin nasa ne, domin bai bar tazarar taka birki ba.

Wani zai ce ai waɗannan dokokin Turawa ne. A'a! Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na takwas a ƙasar Burunai a 1993, ta zartar cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, saboda maslahar kare rai da dukiya. Ta kuma bayyana cewa direba ne ke ɗaukar lamunin ɓarnar da ya yi wa jiki ko dukiya, sai a halaye uku: idan abin ya fi ƙarfinsa ta yadda ba zai iya kauce masa ba, ko wanda aka buge shi ya jawo, ko wani na daban ne ya yi sakaci ko ta'adi. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure, an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta. Yau sitiyari ne linzami.

A nan sai mu lura. Tayar da ta suɗe har ta fashe, ba abin da ya fi ƙarfin direba ba ne. Haka birkin da aka san ya mutu, da lodi fiye da kima, da tuƙi cikin gyangyaɗi, da latsa waya ana tafiya. Haka nan mai tirelar da ya bar ta a tsakiyar titi da dare ba tare da alama ba, yana da kasonsa na alhaki.

Idan rai ya salwanta bisa laifin direba, hukuncin kisan kuskure ya hau kansa, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta shimfiɗa. Akwai diyya: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, wadda dangin direban na wajen uba za su biya cikin shekara uku. Akwai kuma kaffara: azumin wata biyu a jere, tunda babu bawan da za a 'yanta. Magada suna iya yafe diyya, amma babba ba ya yafe rabon maraya ƙarami don kunyar idon jama'a. Kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, "mun yafe" ba ta sauke ta. Direbobi nawa ne a tashoshinmu ke yawo da wannan bashi ba su sani ba?

Mu ma jama'ar gari muna da namu laifin. Dukan direba da ƙona motarsa kafin bincike zalunci ne, kuma shi ke sa wasu su tsere su bar mutum kwance cikin jini, alhali da an kai shi asibiti da wataƙila ya rayu. Hukunci na alƙali ne. Namu shi ne ceton wanda ya ji rauni, da ba da shaidar gaskiya ko da a kan ɗan uwanmu ne.

Daga ƙarshe, samun hanya ba izinin taka mutum ba ne. Ko kai ke da gaskiya, idan kana iya tsayawa, to ka tsaya. Sauri ya haifi nawa.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinsa.